Tsuntsaye Goma Sha Ɗaya da Habsatu

Tebaram, 18 ga Satumba 1964

Zuwa ga Yaya Almustafa, mushen lakwal, malamin makaranta a Tawa.

Gaisuwa da girmamawa da fatan alheri. Yaya haƙuri? Allah ya jiƙan Habsatu, ya haskaka kabarinta, ya ba Inna dangana.

Yaya, kwana bakwai ka yi a gidana zaman makoki, ba ka dube ni ba ko sau ɗaya. Ban ga laifinka ba. Ƙanwarka ce uwa ɗaya uba ɗaya, ka ba ni ita da ƙafafunta, ka zo ka tarar da kabari. Da ba don abin da zan roƙa ba, da ban dame ka da takarda ba.

Ka san akwatin hoton nan da likitan dabbobi Bature ya bar mini da zai koma ƙasarsu bayan samun 'yanci. Shekara huɗu ke nan kai ke karɓar fim ɗina kana aika wa Musa mai hoto a Yamai ya wanke, kana yi mini dariya wai malamin allurar shanu ya koma maroƙin tsuntsaye. To, akwai fim guda da na cika a watan Yuli, ban aiko ba domin ruwa ya yanke hanya. Zafi yana ɓata fim, don haka Habsatu ta naɗe shi a ƙyalle ta sa a ƙaramar langarta mai murfi, ta ajiye gindin randa inda ya fi sanyi. Ran bakwai da mata suka kwashe kayan ɗakinta zuwa Kalfu gidan Inna, langar ta bi su. Hankalina ba ya jikina a lokacin, sai shekaranjiya na tuna.

Tsawonsa kamar ɗan yatsa, an naɗe shi da takarda, an liƙe bakin. Don Allah kada kowa ya kwance shi. In haske ya taɓa cikinsa, abin da ke ciki ya tafi ke nan.

Hoto goma sha biyu ne a ciki. Goma sha ɗaya tsuntsaye ne da furen kalgo. Na ƙarshen Habsatu ce. Ba ni da wani hotonta, kuma babu mai shi a duniya.

Ka gaishe da Inna. Yaya jikin yarinyar?

Haza wassalam.
Ƙanenka, Ciɗo

Tawa, 3 ga Oktoba 1964

Zuwa ga Ciɗo.

Bayan gaisuwa, takardarka ta same ni.

Na karanta wurin nan sau uku: ba ka da wani hotonta. Shekara huɗu, Ciɗo. Ni da hannuna nake buɗe kunshin da Musa ke aikowa kafin in tura maka. Na ga balbela a bayan sa, na ga barewa tana shan ruwa, na ga tuji, na ga furen bado har na gaji da shi. Akwai wata ungulu da ka ɗauka sau huɗu. Ban taɓa tambayar kaina ina ƙanwata a ciki ba, wannan laifina ne. Amma kai da kake kwana ka tashi da ita, ungulu ta samu huɗu, ita ɗaya.

Kuma ka sani na ji inda kake da masassara ta kama ta. Maƙwabcinka Sa'idu ya faɗa mini. Aikin rangadi ya ƙare tun Talata, kai sai Juma'a ka iso. Ina so in ji daga bakinka abin da ya tsare ka, tunda a zaman makoki ban amince da harshena ba.

Ka tambayi jikin yarinya. Sunanta Sauda, tunda kai kunyar ɗiyar fari ba ta barinka ka faɗa. Ba ta da lafiya. Yayen dole ne aka yi mata, wata goma sha huɗu, ta ƙi kunu ta ƙi nonon akuya, zawo ya zuƙe ta. Inna tana goye da ita wuni guda, ita ma ta rame. A cikin wannan hali kake so in shiga ɗakin tsohuwa in fara buɗe langogin mamaciya.

Zan yi, amma ba dominka ba. Alhamis babu lakwal, zan hau keke in je Kalfu.

Wassalam.
Almustafa

Tebaram, 15 ga Oktoba 1964

Zuwa ga Yaya Almustafa.

Gaisuwa mai yawa da ban girma. Allah ya ba yarinyar lafiya, ya saka wa Inna.

Sa'idu bai yi mini ƙarya ba. Talata muka gama duba shanu a wani tabki arewa da nan. Ina ɗaure kaya sai wani makiyayi ya ce akwai gauraka tana kwanci a cikin ciyawar tsakiyar ruwa. Yaya, shekara uku ina neman gauraka a kan ƙwai. Na ce wa abokan aiki su wuce, zan biyo su da la'asar. La'asar ɗin ta zama Laraba, Laraba ta zama Alhamis, ina kwance a taɓo har ƙirji, sauro na cina, ina jin daɗi. Wanda aka aiko nemana ya bi sawun abokan aikina, ya same su babu ni. Na iso gida Juma'a ina ɗokin in ba ta labari, na tarar da tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida. Fim ɗin tabkin nan na zare shi a tsakiyar rana da hannuna. Ban sake taɓa akwatin ba.

Batun hoto kuwa, ka san halinta. Da ta ga na ɗaga akwati sai ta rufe fuska da hannu tana dariya, ta ce in je ga tsuntsayena. Ni kuma ban matsa ba. Fim hoto goma sha biyu ne kawai, sai ya yi wata biyu kafin wani ya zo. Kullum nakan ce a raina, ai ita tana nan, tsuntsu ne ke tashi. Wannan ita ce wautata, ban da wata.

Ga yadda ɗayan ya samu. Shamuwa ta yi sheƙa a kan aduwar gidanmu bana. Habsatu ce ta fara ganinta, ta hana kowa sassaƙa kusa da icen. Wata rana iska ta jefo ɗan shamuwa guda ƙasa. Ta ɗauke shi, ta hau turmi za ta ɗora shi bisa rumbu inda uwar za ta gan shi. Hannuwanta biyu suna riƙe da shi, ba ta da na rufe fuska. Na kira ta, ta waiwayo, ta ce, "Kai dai ba ka da kunya," tana dariya. Na danna. Na rantse maka, ranar ita na duba, ba tsuntsun ba.

Yarinyar ba za ta tuna ta ba, Yaya. Ni kaina, wata biyu kacal, in na rufe ido muryarta nake ji, fuskar sai ta riƙa zame mini. Tsoro nake ji.

Haza wassalam.
Ciɗo

Tawa, 7 ga Nuwamba 1964

Zuwa ga Ciɗo.

Gaisuwa. Na ji bayaninka. Ban ce na huce ba, amma ka faɗi gaskiya, na karɓa.

Na sami fim ɗinka. Zauna kafin ka karanta sauran.

Alhamis biyu na yi ina zuwa Kalfu. Ta farko na buɗe langar na tarar da ƙyallen kawai. Na tambayi Kaltumi ƙanwar Inna, ta ce ba ta sani ba. Ta biyu ina zaune muna gaisawa da Inna, sai ga Sauda ta tako daga ɗaki da ƙafafunta, da ɗan tuwo a hannu tana ci. Na yi mamaki, domin na bar ta ko zama ba ta iya yi. A wuyanta akwai sabuwar laya ta jar fata, doguwa, mai kauri. Na ce, "Inna, wane malami ya ba da wannan?"

Ta ce, "Ba malami ba ne. Ta uwarta ce. A langarta na tsince ta, a naɗe a ƙyalle, da rubutu a jiki, bakin a liƙe. Abin da mace ta ɓoye haka ai da dalili. Na kai wa Tanimu baduku ya ɗinke. Ran Asabar na rataya mata, Litinin zawo ya tsaya."

Ciɗo, ni mai koyar da yara ne, na san abin da ya tsayar da zawon nan ba fim ba ne. Amma ka ga fuskar tsohuwar da take faɗa. Tun rasuwar ban ga haƙoranta ba sai ranar. Na bar ta a haka na fito.

Na wuce wurin Tanimu na same shi a rumfarsa. Na ce ko ya kwance abin kafin ya ɗinke. Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce shekara talatin yana ɗinkin laya bai taɓa leƙa cikin ta wani ba. Na ce basilla fa, ba ta huda shi ba? Ya ce fata yake hudawa. Ya dai shafa ɗanko a bakin don kada ruwa ya shiga, kamar yadda yake yi wa ta kowane yaro.

Ke nan ba a kwance shi ba, haske bai taɓa shi ba. Yana wuyan ɗiyarka. Da shi take wanka, da shi take wasa a rana, in haƙori ya dame ta shi take tauna.

Ban san abin da zan ce maka ka yi ba.

Wassalam.
Almustafa

Tebaram, 22 ga Nuwamba 1964

Zuwa ga Yaya Almustafa.

Gaisuwa da godiya mai yawa. Alhamdu lillahi da yarinyar ta tashi. Na yi kuka da na karanta, ban san ko na wanne ba ne.

Yaya, lokaci ba ya tare da mu. Musa ya taɓa rubuto mini cewa fim da aka ɗauka ba ya son jira, zafi da gumi suna cin hoton a hankali. Kuma na ƙarshe shi ne a bayan naɗi, shi ke kusa da fata, shi zai fara tafiya. Yanzu sanyi ne, da sauran dama. In bazara ta same shi a wuyan yaro, sai dai wani ikon Allah.

Ga dabara. Na sako maka kwarkwaron fim wanda babu komai a jiki, na naɗe shi da tsohuwar takarda, girmansu ɗaya. Ka kai wa Tanimu ya ɗinke da jar fata irin waccan. Ranar da Inna ta tafi kasuwa ko gona, ka musanya. Ba wanda zai cutu. Yarinyar tana da layarta, Inna tana da kwanciyar hankalinta, mu kuma mu sami fuskar Habsatu.

Aikin allura ya fara, ba za a sake ni ba sai Fabrairu. Don Allah, Yaya.

Haza wassalam.
Ciɗo

Tawa, 19 ga Disamba 1964

Zuwa ga Ciɗo.

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da shanunka.

Dabararka ba ta yi ba. Tanimu ya juya kwarkwaron a hannu, ya miƙo mini, ya ce ba zai ɗinke wofi a rataya wa marainiya ba, ko da wane ne ya aiko. Na fito ina jin haushinsa, kafin in isa gida na gane ni ma ba zan iya ba. Uwata ce. Ban taɓa yi mata ƙarya a kan abin da ya kai wannan ba.

Sai na zauna na faɗa mata gaskiya. Na ce, "Inna, abin nan ba laya ba ne. Na akwatin hoton Ciɗo ne. Hoton Habsatu ne a ciki, shi kaɗai ke akwai."

Ta jawo Sauda, ta riƙe layar a tafin hannunta tana dubawa. Sannan ta ce, "Habsatu ce a ciki?" Na ce i. Ta ce, "To ashe ban yi kuskure ba. Shi ya sa yarinya ta warke."

Na yi bayani iyakar iyawata, cewa sai an yanka fatar an kai Yamai kafin a ga fuskar, kuma in an jima ba za a ga komai ba. Ta ce in an kai, tabbas za a gani? Na ce ba tabbas, mai yiwuwa ya riga ya ɓaci. Ta ce in ya ɓaci, za a maido abin yadda yake? Na ce a'a. Ta ce, "Ni na san fuskar ɗiyata, ni na haife ta. Amma ba ni da iko a kan ɗiyar wani. Ubanta ya zo ya yanke da hannunsa. Ba zan hana shi ba, ba kuwa zan yi masa ba."

Maganar ta dawo gare ka. Ni kaina ina so in ga Habsatu a kan turmin nan, Allah ya sani. Ina kuma tsoron ranar da za a cire abin, yarinya ta yi ko da atishawa ce.

Akwai sabon fim da Musa ya aiko maka tun Agusta, yana cikin akwatin littattafaina, haushi ya hana ni turowa. Ga shi tare da takardar nan.

Wassalam.
Almustafa

Tawa, 24 ga Fabrairu 1965

Zuwa ga Yaya Almustafa.

Gaisuwa da girmamawa. A zauren gidanka nake rubuta wannan. Mariama matarka ta ce kun tafi taron malamai sai mako mai zuwa, ni kuma motar Tebaram da azahar za ta tashi. Zan bar mata takardar da wani ɗan ƙunshi.

Na je Kalfu jiya. Sabuwar reza na saya a kasuwar Tawa, na sa a aljihu. Akwatin hoto ma na rataya, ban san dalili ba, sabo ne kawai. A hanya kariya ta yi fure ja a kan duwatsu, ba ganye ko ɗaya, irin wanda da sai na sa direba ya tsaya. Na kau da kai.

Na sami Inna a inuwar rumbu tana sussukar gero. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta. Ba ta yi mini maganar tabki ba, ba ta yi mini maganar komai ba, ta ce in matso. Yarinyar tana bayanta tana leƙena. Ba ta san ni ba, Yaya. Wata shida ya isa.

Inna ta ɗauko ta ta ɗora mini a cinya. Na sunkuyar da kai, ta ce, "Yau babu kunya. Ga ta, ga wuyanta."

Na taɓa layar. Fatar ta yi baƙi da gumi, gefe guda duk sawun haƙori ne. Na fiddo reza, na kama igiyar. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ta dai sa hannu biyu ta riƙe abin ta zuba mini ido. Sai Kaltumi da ke tsaye ta ce, "Bari ka ga abin da aka koya mata. Sauda, ina innarki?" Sai ta ɗaga layar sama ta nuna mini, tana murmushi, kamar mai nuna sabon takalmi.

Na daɗe da reza a hannu. Na yi tunani, in na yanka, mai yiwuwa bayan wata biyu takarda ta zo da fuskar mace tana dariya, in nuna mata in ce ga innarki, ta dube ta kamar yadda ta dube ni. Mai yiwuwa kuma baƙi ƙirin ya zo. Ko wanne ne, na raba ta da uwarta sau biyu ke nan. Ni ne ke tsoron mantuwa, ba ita ba. Na mayar da reza aljihu. Na san abin da bazara za ta yi wa fim ɗin, na kuma san ba zan ƙara ganin Habsatu ba. Ya yi mini zafi ƙwarai, har yanzu yana yi.

Ina zaune haka, akuya ta tura kai cikin geron, Kaltumi ta bi ta da muciya ta kusa faɗuwa. Inna ta yi dariya, ta kai hannu ta rufe fuska. Yaya, hannun nan da dariyar nan, ka san na wace ce. Ban taɓa lura ba sai jiya.

Na ce, "Inna, ki yarda in ɗauke ki hoto." Ta ce, "Ni tsohuwa? Tsuntsayen sun ƙare ne?" Na ce suna nan, su jira. Na miƙa mata Sauda ta riƙe da hannu biyu, don kada ta sami na rufe fuska.

Ƙunshin da na bar wa Mariama fim ɗin ne. Goma sha biyu cif, babu tsuntsu ko ɗaya. Don Allah a aika wa Musa da motar farko, kada ya kwana biyu a zafi.

Haza wassalam.
Ƙanenka, Ciɗo

Tawa, 9 ga Mayu 1965

Zuwa ga ƙanena Ciɗo.

Gaisuwa da so da yarda.

Hotuna sun zo, duk sun fita. Goma sha ɗaya na nan suna jiranka, ba zan aiko ba, ka zo ka karɓa da kanka. Shamuwa ta sauka a Kalfu, Inna ta ce ka zo kafin shuka.

Ɗayan na bar mata. Shi ne wanda Sauda ke kan cinyarta, ta ɗaga layar da hannu biyu. Inna ta kai shi bakin ƙofa inda akwai haske, ta daɗe tana dubawa. Ta sa yatsa a fuskarta, ta sa a ta Sauda, ta sa a kan layar. Ta ce, "Ga mu nan mu uku."

Allah ya jiƙan Habsatu. Sai ka zo.

Wassalam.
Yayanka, Almustafa